Yadda Na Haɗa Ƙaramin Jirgin Katako Mai Rabuwa Biyu a Zariya

Kawuna yana da babban kwale-kwale mai inji a kogin Galma, da shi yake ɗebo rake da tumatir da albasa daga fadamun ƙetare. Idan damina ta ɗauke, ruwa ya fara ja baya, mashigin da ke kusa da gonarsa yakan zama taɓo zalla, jirgin ba ya iya matsowa gaɓa. Sai a ɗaure shi can ciki inda ruwa ke da zurfi, kamar taku talatin daga tudu, kullum da asuba Kawu ko ɗansa ya tuɓe riga ya shiga ruwa har ƙirji kafin ya kai gare shi. Shekara da shekaru haka ake yi, ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai, sai da yaron ya fara fitsarin jini. A asibiti aka ce tsargiya ce, kuma likita ya faɗa mana ƙarara cewa a irin wannan kwantaccen ruwa ake ɗaukarta, inda ƙananan dodon koɗi ke zama, tsutsar ta shiga ta fata. An ba shi magani ya warke, amma likitan ya ce muddin zai koma ruwan, ciwon zai dawo. A ranar na ce wa Kawu zan haɗa masa ƙaramin jirgin da zai riƙa kai su ga babban. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, duk abin da ka bari a bakin ruwa ya kwana, ba naka ba ne." Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa na nemi irin wanda ake rabawa biyu, a cusa rabin gaba cikin rabin baya kamar yadda ake jera kwanonin samira, a ɗora a bayan mota a tafi da shi gida.

Ni ba kafinta ba ne, malamin makaranta ne, sai dai ina da sha'awar aikin hannu tun ina yaro. Na ɗauka mako uku zai ishe ni. Wata huɗu na yi, kuma rabin wannan lokaci ya tafi ne a kan abubuwan da da wani ya faɗa mini tun farko, da ban sha wahalarsu ba.

Zanen jirgin na fara nema. A intanet na sayi na wani mai tsawon ƙafa 10 da faɗin ƙafa 4, wanda ake yi da filaiwud, wato siririn allon katako mai yadudduka, a ɗinke shi da waya sannan a like. Kuɗin da dala ne, katina na banki ya ƙi biya, sai da na jira kwana biyar wani abokina da ke da asusun dala ya biya mini na ba shi naira. Da takardun suka iso na kai su wani shagon kwamfuta a Samaru aka buga. A nan na yi tuntuɓen farko: na'urar ta rage girman zanen don ya dace da takarda, ni kuwa ban lura ba. Allah ya taimake ni, kafin in taɓa katako na yanka kwali na haɗa ɗan samfuri, kashi ɗaya cikin goma na girman jirgin, sai na ga gefe da ƙasa sun ƙi haɗuwa a goshi. Daga nan na daina auna komai a jikin takarda, lambobin da aka rubuta kawai nake bi. Lambobin kuma da milimita suke, kafintocinmu da inci suka saba, don haka na sayi tef mai awo biyu na manne ɓangaren incin da salatif don kada ido ya zame.

Sai katako, kuma a nan ne na fi shan ruɗani. Zanen ya ce a yi amfani da filaiwud na jirgin ruwa mai kaurin milimita 6. Na shiga kasuwar 'yan katako na faɗi abin da nake so, nan take mai shago ya ce, "Alhaji, marin bod kake nema, akwai shi." Aka fito mini da wani baƙin allo mai santsi da ƙyalli, mai kaurin milimita 18, mai nauyin da mutum ɗaya ba ya ɗagawa cikin sauƙi. Na yi murna na biya kuɗin guda biyu, aka kai mini gida a keke mai ɗaukar kaya. Ba zan ce mai shagon ya cuce ni ba, domin a kasuwanninmu abin da ake kira marin bod ke nan: allon da magina ke shimfiɗawa idan za a zuba dakin, wato rufin kankare. An lulluɓe fuskarsa da wata fata ce musamman don kada siminti ya kama shi, kuma abin da ya hana siminti kamawa shi zai hana gam ɗin jirgi kamawa. Ga shi ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan. Dattijon kafintan da ke layinmu, wanda muke kira Baba, shi ya fara ganin su a zaure, ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa ya ce, "Malam, da wannan za ka yi ƙofa, amma ba jirgi ba." Na mayar washegari, aka karɓa bayan doguwar magana, aka cire mini naira 5,000, ban da kuɗin keke zuwa da dawowa.

Bayan wannan na daina tambaya da suna. Abin da nake yi shi ne in roƙi ɗan guntu daga kowane irin filaiwud mai milimita 6 da na gani, ko in sayi ɓallin da ya karye a gefe, in rubuta lamba a jikinsa. A gida na zuba su a tsohuwar tukunya na tafasa su awa biyu, na shanya a rana suka bushe, na sake tafasawa. Guda biyar na gwada daga Zariya, huɗu suka buɗe kamar shafukan littafin da ruwa ya jiƙa, tun a tafasar farko. Na biyar ya riƙe, amma da na duba gefensa sai na ga ramuka a tsakiyar yadudduka, inda ruwa zai shiga ya zauna ya ruɓar da shi daga ciki. Dole na hau mota zuwa Kano. Sau biyu na je: zuwan farko na kwaso guntaye, na dawo na tafasa, zuwa na biyu na sayi wanda ya ci jarrabawa. A jikinsa akwai hatimin WBP, wato gam ɗin da ke tsakanin yaduddukan yana jure ruwan zafi. Wanda aka yi musamman don jirgi yana ɗauke da lambar BS 1088, idan mutum ya dace da shi ya fi, amma ko da hatimin ne a tafasa guntu, domin tawada ba ta da tsada. Na ɗauki allo huɗu masu milimita 6 da ɗaya mai 12, kowanne ƙafa 4 a ƙafa 8. A hanyar dawowa an tsayar da mu a wani shinge aka nemi rasit, kuma da ba ya aljihuna da mun daɗe a wurin. Tun daga ranar duk takardar da aka ba ni nake sakawa a leda ɗaya.

Gam ɗin ma sai da ya ba ni nasa ciwon kan. Abin da ake buƙata shi ne ifoksi mai ruwa, wanda ke zuwa a jarka biyu, rezin, wato ruwan gam ɗin, da hadna, wadda ke sa shi daskarewa idan an gauraya. Duk inda na ambaci ifoksi a gari sai a miƙo mini ƙananan tiyub ɗin nan biyu da makanikai ke like radiyeta da su, masu daskarewa cikin 'yan mintuna. Masu aikin faiba da ke gyaran bambar mota da tankin ruwa kuma suka ce in bar wahala, nasu rezin ɗin ya fi araha nesa ba kusa ba. Nasu foliyesta ne, kuma yana da kyau a wurin da ya dace, amma ba ya riƙe itace kamar ifoksi. Na gwada da idona: na like ƙyallen faiba a guntu biyu, ɗaya da nasu, ɗaya da ɗan ifoksin da wani ya sammini, bayan kwana uku na ja da filaya. Na foliyesta ya ɓantalo salin-alin, na ifoksi kuwa sai da ya taho da fatar katakon. Araha ba ta ado. Daga Legas na yi oda, lita 9 da ƙyallen faiba da tef ɗinsa mai faɗin inci 4. Aka ce kwana uku zai iso tasha, sai da ya yi tara, kullum ina kiran direba a waya yana cewa suna hanya. Kuɗin wabil naira 8,000 na biya, kuma ba su ba ni kayan ba sai da na nuna saƙon da aka turo mini da katin shaida. Idan aka haɗa lissafi, ifoksi da faiba sun cinye fiye da rabin duk abin da na kashe a jirgin nan.

Ainihin aikin, wanda na fi jin tsoro, shi ya zo da sauƙi, saboda Baba ya yarda ya riƙa ba ni yammacin Asabar da Lahadi. Muka fitar da awo a jikin allo, muka kafa ƙananan ƙusoshi a kowane ɗigo, muka lanƙwasa siririn katako a jikinsu muka ja layi da fensir. Da yake jirgin ya fi allon tsawo, dole a yi haɗi, sai Baba ya ba da shawarar haɗin ya faɗo daidai inda za a raba jirgin daga baya, kuma hakan muka yi. Muka huda ƙananan ramuka a gefuna, tazarar inci 6, muka ɗinke da wayar tagulla da na fere daga tsohuwar wayar wuta. A yini ɗaya allunan da ke kwance a ƙasa suka miƙe suka zama jirgi. Yaran unguwa suka cika ƙofar gida, uwargida ma ta leƙo ta ce sai yau ta yarda ba akwatin kaji nake haɗawa ba. Kafin a sa gam ko ɗigo, sai an tabbatar jirgin bai murɗe ba. Mun ɗora shi a kan benci biyu da muka daidaita, muka ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, muka yi ta sassauta waya muna ɗaurewa har awon ya zo ɗaya.

Lokacin da muka fara liƙi ya faɗo tsakiyar hunturu, kuma wanda ya san sanyin Zariya a Disamba da Janairu ya san abin da nake nufi. Da safe rezin yakan yi kauri kamar zumar da ta daɗe a kwalba, ba ya gaurayuwa da kyau, abin da aka shafa da yamma kuma a wayi gari yana danƙo. Sai na koma tsoma jarkokin a bokitin ruwan ɗumi kafin in auna, kuma ba na fara aiki sai rana ta ɗaga, wajen ƙarfe sha ɗaya. Ƙurar hunturu ita ma ba ta bar ni ba, shafin farko da na yi ya bushe da fuska kamar sanfefa. Muka kewaye rumfar da ledar buhu, ina yayyafa ruwa a ƙasa kafin in buɗe jarka. Awon da ke jikin tawa jarkar biyu ne na rezin, ɗaya na hadna, kuma ba a ƙara hadna wai don ya yi saurin bushewa, yin haka ɓata shi yake yi. Kowa ya bi abin da aka rubuta a jikin tasa. Da sirinji babba nake aunawa. Don cike kusurwoyi, ina zuba garin katako mai laushi da na tankaɗe da rariya a cikin haɗin har ya yi kaurin tunkuza, in shafa da bayan cokali, in ɗora tef ɗin faiba tun bai bushe ba. Can cikin Maris da zafi ya shigo sai abin ya juye. Wata rana na haɗa da yawa a kofin roba na tsaya amsa waya, kafin in dawo kofin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, yana hayaƙi, ya narke ta gindi. Ifoksi idan ya taru wuri ɗaya zafin kansa yake ƙara masa sauri. Tun daga nan kaɗan-kaɗan nake haɗawa, in juye a faranti mai faɗi.

Akwai kuskuren da har yanzu nake biyan bashinsa. Makonnin farko da hannu tsirara nake aiki, in wanke da tina. Tinar tana narkar da gam ɗin ne ta tura shi cikin fata. Yatsuna suka yi ƙuraje masu ƙaiƙayi har sai da na ajiye aikin kwana goma, kuma har yau idan na kusanci ɗanyen ifoksi sai sun motsa. Safar hannu ta roba da takunkumin hanci lokacin gugar sanfefa ba ado ba ne.

Sai ranar yanka. A tsakiyar jirgin mun kafa bango biyu na allon milimita 12, fuska da fuska, muka saka guntayen kwali a tsakaninsu don a bar wa zarto hanya. Tun suna haɗe muka huda ramukan noti huɗu da suka ratsa su duka biyun, biyu sama biyu ƙasa, domin idan aka bari sai bayan an raba, ramukan ba za su taɓa haɗuwa daidai ba. Na zura siririn abin huda ta cikin tazarar na ɓullo waje a wurare da dama, muka kifa jirgin muka haɗa ɗigon da layi. Na riƙe zarto na kasa farawa. Wata uku na aiki ne a gabana, ga kuɗin da na tara don wani abu daban na zuba a ciki. Baba ya ce, "Malam, yi bisimilla. Idan hannunka na rawa ba ni." Ban ba shi ba. Na fara daga baki ɗaya a hankali, ina jin haƙoran zarton suna cin kwali, alamar ina kan hanya, idan kuma sautin ya canza na san na fara cin bango sai in gyara hannu. Kusan minti arba'in na yi. Da ya rage kaɗan Baba ya tallabe goshin, sai ga jirgi ya zama biyu, kowane rabi da bangonsa. Na zauna a ƙasa na daɗe ban ce komai ba.

Murnar ba ta daɗe ba, domin da muka ɗaga rabin gaba za mu cusa cikin na baya sai ya tsaya a rabin hanya. Kujerar baya da na like dindindin ita ta tare shi, da wasu katakai biyu da na ƙara a kusurwa don ƙarfi, waɗanda babu su a zane. A samfurin kwalina ban sa kujeru ba, shi ya sa ban hango ba. Kwana huɗu na yi ina sassaƙe abin da na like da hannuna, na mayar da kujerar mai cirewa. Duk wanda zai yi irin wannan jirgi, kada ya ƙara ko da tsinke a cikin rabin baya sai ya tabbata na gaba zai wuce. Bakin jirgin da maɗaci muka yi shi, matuƙai biyu, wato sandunan tuƙi, masu ƙafa 7 da malaina saboda rashin nauyi, mai walda ya lanƙwasa mini rodi ya yi mazauninsu. A goshi da ƙarshen baya akwai rufaffun akwatunan iska, kuma kowace lita ɗaya ta iska tana ɗaga kilo ɗaya a ruwa, don haka ban yarda an mayar da su ma'ajiyar kaya ba duk da Kawu ya so. Daga ƙarshe muka wanke jikin da ruwa, domin ifoksi yakan fitar da wani maiƙo idan ya bushe wanda ke hana fenti kamawa, muka goge, muka yi fenti shafi uku. Rana tana cin ifoksin da ba a rufe ba, ranarmu kuwa ba ta wasa.

Ban kai shi ruwa kai tsaye ba. Kawu ya ce sai mun gaida Sarkin Ruwa tukuna, muka je da goro. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan jirgi ne na haɗa wa Kawu, muna neman izini da addu'a." Ya tambaya ko kamun kifi za a yi da shi, Kawu ya ce a'a. Ya ce to babu laifi, amma kada a ratsa inda masunta suka kafa raga, kada kuma a bar wa yara shi. Mu dai ba a nemi wata takarda a hannunmu ba. Wannan gaisuwa ta rabin awa ita ta sa ranar gwaji masunta suka zo taimako maimakon kallo.

Ranar da muka sauke shi daga bayan mota, rabi cikin rabi, tsawonsa bai kai ƙafa 6 ba, kuma kowane rabi mutum ɗaya na ɗauka a ka. Muka haɗa a tudu, muka ɗaure noti. Na sa rigar kariya daga nutsewa, na sa wa ɗan Kawu tasa, muka tura. Jirgin ya zauna daram, amma kafin mu kai babban kwale-kwalen na ga ruwa yana tsattsafowa ta notin ƙasa na hagu. Na manta ban sa roba a bayan wosha ba. Wani masunci ya yanko tsohon tiyub ɗin babur da wuƙarsa, ya fitar da zagaye huɗu, ya huda tsakiyarsu da ƙusa mai zafi, muka fito muka saka, ɗigo bai ƙara shiga ba. Notina ma na baƙin ƙarfe ne a ranar, cikin mako biyu suka yi tsatsa, sai da na canza su da na silba marasa tsatsa masu kunnuwa, waɗanda ake ɗaurewa da yatsa ba sai da sifana ba. Kafin mu tashi na sa aka cika jirgin da ruwa da gangan a wuri marar zurfi, har baki. Bai nutse ba, akwatunan iskar suka riƙe shi, mutum biyu suna dafe da gefensa. Kawu bai ce komai ba sai da ya ga wannan, sannan ya ce a kwashe ruwan zai shiga.

Matuƙan nan biyu da na ɓata mako guda ina sassaƙa, Kawu bai taɓa amfani da su ba. Ya ce shi ba zai tuƙa jirgi yana ba wa inda za shi baya ba, da filafilinsa ya saba, kuma jirgin yana tafiya da shi lafiya lau. Ɗansa ne ya koyi tuƙi da matuƙan biyun, yanzu ya fi ni iyawa. Mutum uku ne iyakar abin da na yarda ya ɗauka, na rubuta da fenti a jikin bangon tsakiya, domin idan nauyi ya yi yawa ruwa zai haura bangon ta tsagar da ke tsakanin rabi da rabi. Yanzu jirgin yana kwana a zauren Kawu, a jingine da bango a bayan buhunan taki, kuma da ruwa ya sake ja baya bana, a ƙarshen Oktoba, na je na duba shi. Fentin ƙasa ya goge a inda ake jan sa kan yashi, har faiba ta fara bayyana. Na auno tsawon wurin, zan kafa masa siraran maɗaci biyu a ƙasa ranar Asabar idan Baba ya samu sarari.